Tutar Jamus ta Gabas: me ya kai guduma da kamfas tsakiyar tuta?

Abba Fagge:
Salam jama'ar zaure. Don Allah masana tarihi ku taimaka min. Ina kallon tsohon wasan kofin duniya na 1974 sai na ga wai Jamus ce take karawa da Jamus, tutocin kuma iri ɗaya, baƙi da ja da ruwan gwal, amma ɗayar akwai wani zagaye a tsakiya da guduma da wani abu kamar kamfas ɗin da muke zana da'ira da shi a makaranta. Na san an taɓa raba ƙasar biyu, wannan kowa ya sani, abin da ban gane ba shi ne me ya sa 'yan gurguzun ba su yi jar tuta mai lauje da tauraro irin ta Rasha ba, kuma me kamfas yake yi a tutar ƙasa fisabilillahi?

Sadik Ɗan Bal:
Wasan Hamburg ke nan, 22 ga Yuni. Gabas ce ta ci ɗaya da nema, Sparwasser ya zura ƙwallon. Amma fa duk da haka su Beckenbauer na Yamma ne suka ɗaga kofin, sun doke Holan 2-1 a wasan ƙarshe. Maganar tuta kuma sai Malam Garba ya shigo, ni iya nawa ke nan hhh

Malam Garba Tarihi:
Wa alaikumus salam Abba. Abin da zai fi ba ka mamaki ma shi ne shekara goman farko babu wannan zagayen sam. An kafa Jamus ta Yamma a watan Mayun 1949, ta Gabas kuma ranar 7 ga Oktoba na shekarar, kuma dukkansu tuta guda suka ɗauka, baƙi ja ruwan gwal, babu ko ɗigo da zai bambanta su. Ba wai sun rasa basirar zane ba ne, kowannensu ne yake cewa shi ne Jamus ta gaskiya, ɗayan kuma ɗan koren Amurka ne ko ɗan koren Sobiyet. To wanda yake wannan iƙirarin ba zai saki launukan ba.

Launukan nan suna da tarihi. Su ne masu neman haɗin kan Jamusawa da majalisar dokoki suka ɗaga a juyin 1848, su ne kuma jamhuriyar Weimar ta yi amfani da su daga 1919 zuwa 1933. Tutar zamanin sarauta, daga 1871, baƙi fari ja ce, ita Hitler ya dawo da ita da ya hau kafin ya tsayar da tasa mai alamar Nazi. Saboda haka bayan yaƙi duk mai son nuna cewa ya raba gari da Hitler baƙi ja ruwan gwal zai kama. Jar tuta kuma da sun ɗauka, ai sun miƙa wa abokan gaba hujja a hannu cewa ƙasar reshen Mosko ce kawai.

Sai ranar 1 ga Oktoba 1959, saura kwana kaɗan a yi bikin cikar ƙasar shekara goma, gwamnatin Walter Ulbricht ta ɗora tambarin a tsakiya.

Abba Fagge:
Allah ya ƙara sani Malam. To kamfas ɗin fa?

Malam Garba Tarihi:
Guduma ta ma'aikata ce, zangarniyoyin da suka kewaye na manoma ne, hatsin nan ne ɗan uwan alkama da Jamusawa suke baƙin burodi da shi, an naɗe su da ƙyalle mai launin tutar. Kamfas kuma na 'yan boko, injiniyoyi, likitoci, malamai, masu aiki da ƙwaƙwalwa dai. Tambarin farko na 1950 guduma ce kaɗai a cikin zangarniyoyi, a 1953 aka ƙara kamfas, a watan Satumban 1955 aka yi masa doka. Ka lura babu jan tauraro a ciki, alhali kusan duk maƙwabtansu na gurguzu sun saka.

Ɗan Sawaba:
Ni wallahi a tambarin ƙasashen duniya ban ga wanda ya burge ni kamar wannan ba. Duba na Yamma, gaggafa ce baƙa ta buɗe fukafukai da farata, gadon sarakuna da mayaƙa. Duba na Ingila, zaki da kambi. Su kuwa waɗannan suka ce a'a, wanda yake noma abincin da wanda yake ƙera ƙarfen da wanda yake koyar da yaran su za a sa a tuta. Ko ba ka son gurguzu wannan tunani ne mai kyau. Kuma ba a zane suka tsaya ba, tun 1945 aka ƙwace gonakin manyan masu ƙasa, duk wanda ya haura hekta 100, aka raba wa talakawa da 'yan gudun hijira

Injiniya Bashir:
Ɗan Sawaba ka zo da waƙar taka. A shekarar da Malam ya ce an ƙara kamfas, 1953, me ya faru ranar 17 ga Yuni? Ma'aikatan gini ne a Berlin ta Gabas suka fara ajiye kayan aiki saboda an ƙara musu yawan aikin da za su yi da kashi 10 cikin ɗari ba tare da ƙarin albashi ba, abin ya bazu garuruwa da yawa, aka fito da tankokin Sobiyet aka murƙushe su, aka kashe mutane. Masu gudumar ke nan fa. Manoman kuma da ka ce an raba wa gona, zuwa 1960 an tilasta musu shiga gonakin haɗaka, wanda ya ƙi ya ga tasku. Masu kamfas kuwa su ne suka fi kowa gudu, daga 1949 zuwa 1961 mutum sama da miliyan biyu da rabi suka tsallaka Yamma, cikinsu likitoci da injiniyoyi birjik, shi ya sa aka gina katangar Berlin ranar 13 ga Agusta 1961. Duka ukun da aka zana a tutar sai da aka kulle musu ƙofa kafin suka zauna.

Ɗan Sawaba:
Injiniya ban ce mala'iku ne ba. Amma ku 'yan jari hujja kullum katanga katanga, ba kwa faɗin wa ya tsaya wa Afirka lokacin da ake tsananin buƙata. Mujallar ANC, ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, a Jamus ta Gabas ake buga ta, yaran SWAPO, masu fafutukar 'yancin Namibiya, ɗaruruwa aka kwasa aka kai can aka rene su aka ba su ilimi, FRELIMO ta Mozambik ta samu taimako. A lokacin kamfanonin Yamma suna can suna kasuwanci da gwamnatin wariyar launin fata hankali kwance. Ga ɗan gwagwarmaya a Lusaka ko Maputo wannan tutar mai guduma tutar aboki ce.

Injiniya Bashir:
Tunda ka ambaci Maputo, je ka tambayi 'yan Mozambik dubbai da aka kai Jamus ta Gabas aikin masana'antu bayan yarjejeniyar 1979. Ana yanke wani kaso na albashinsu wai za a ba su idan sun koma gida, suka koma ba su ga kuɗin ba, shekara da shekaru suna zanga-zanga a Maputo kan haƙƙinsu, har da tutar Jamus ta Gabas ɗin a hannunsu.

Ɗan Sawaba:
Wannan kuɗin ai da gwamnatin ƙasarsu suke rigimar, ka faɗi gaskiya duka mana

Maman Ilham:
Ku dai ba a taɓa buɗe magana ba ku mayar da ita gurguzu da jari hujja ba. Malam don Allah ka ci gaba, ni tambayata ita ce da suka sa tambarin su na Yamma suka yi shiru?

Malam Garba Tarihi:
Ina fa shiru Hajiya. Ai a nan rigimar take, kuma a ganina a nan ne ma'anar tambarin ta gaskiya take, ba a guduma ko hatsi ba. Tambarin ya kwana shekaru yana jikin takardun gwamnati da gine-gine ba wanda ya damu. Ranar da aka ɗora shi a tuta saƙon shi ne mu ƙasa ce daban, ku daina ƙirga mu a cikinku. Yamma kuma ta fahimci saƙon sarai, ta ce tutar masu raba ƙasa ce, aka hana ɗaga ta, ɗan sanda yana iya sauke ta a duk inda ya gani.

A makon farko ma sai da aka ba hammata iska. Jiragen ƙasan cikin birnin Berlin, har da tashoshin da suke ɓangaren Yamma, hukumar jiragen Gabas ce take tafiyar da su, to sai suka kafa sabuwar tutar a waɗannan tashoshin a Oktoban 1959, 'yan sandan Berlin ta Yamma suka je cirewa, aka yi ta dambe da ma'aikatan jirgi har da jikkata.

Kuma ku haɗa da manufar da gwamnatin Yamma da ke Bonn ta ɗauka tun 1955, cewa duk ƙasar da ta amince da Jamus ta Gabas, ban da Sobiyet, za su yanke hulɗa da ita. Sun yanke da Yugoslabiya a 1957, sun yanke da Kuba a 1963. Sabbin ƙasashen Afirka masu neman tallafi ba wanda yake so ya ja wa kansa. Zanzibar ce ta yi ƙarfin hali bayan juyin 1964 ta amince da su, su kuma suka taimaka da dogayen gidajen nan na Michenzani da har yau suna tsaye, da aka haɗe aka zama Tanzaniya sai Nyerere ya gaji rigimar, ya yarda Gabas ta buɗe ƙaramin ofishin jakadanci, Yamma ta janye taimakon soja. Duk a kan wace tuta za a kafa a ƙofar wane ofis.

Sadik Ɗan Bal:
To Malam a Olamfik fa yaya suka yi? Na taɓa ganin wata tutar Jamus mai zobban Olamfik a tsakiya

Malam Garba Tarihi:
Ita ce maslahar da aka samo. A lokacin tawaga ɗaya suke zuwa, a 1956 ba matsala tunda tutar ɗaya ce, amma daga 1960 Gabas ta ce sai da tambari, Yamma ta ce ba za ta yi tafiya a ƙarƙashinsa ba, sai aka sa fararen zobba biyar a kan jan layin. Haka aka yi a 1960 da 1964, har a 1968 da suka zo a rarrabe wannan tutar suka riƙe. Haramcin ya fara sassautawa a 1969 da Willy Brandt yana dab da hawa shugabancin gwamnatin Yamma, zuwa 1970 aka ɗage shi. Duk da haka da firaministan Gabas Willi Stoph ya je garin Kassel ganawa da Brandt a watan Mayun 1970, wasu matasa sai da suka sauke tutar daga ƙofar otal ɗin suka yayyaga ta. Sai ga 1972, gasar Olamfik a Munich, cikin Jamus ta Yamma, Gabas ta ci zinare 20, masu masauki 13. Sau ashirin ke nan ana ɗaga tutar da aka hana ana kaɗa takenta a gabansu. A watan Satumban 1973 duka biyun suka shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, aka jera tutocin a New York.

Wani abin dariya, taken ƙasar Gabas akwai baitin da yake maganar Jamus dunƙulalliyar ƙasa ɗaya, tunda a 1949 aka rubuta shi. A zamanin Honecker, shugaban Gabas bayan Ulbricht, da aka koma cewa ƙasa biyu ce har abada sai aka daina rera baitocin, kiɗan kawai ake sakawa.

Ɗan Sawaba:
Ashe ba mu kaɗai muke wasa da taken ƙasa ba, mu da muka wayi gari a 2024 aka ce mu koma na da

Admin Kawu Lawal:
Ɗan Sawaba a bar siyasar gida a waje don Allah. A ci gaba da Jamus.

Nura na Leipzig:
Salam, yanzu na taso daga aiki na ga an yi nisa. Ni a nan nake zaune, kuma garin nan ne aka yi zanga-zangar ranar Litinin ta 1989, ranar 9 ga Oktoba mutum kusan dubu 70 suka fito daga wajen cocin Nikolai suka zagaye gari, jami'an tsaro suna tsaye ba su yi harbi ba, wata ɗaya bayan nan katanga ta faɗi. Abin da ya shafi zancenku shi ne bayan faɗuwar katangar mutane suka riƙa sa almakashi suna yanke zagayen daga tsakiyar tuta suna fitowa da ita da rami, wasu kuma su zare ɗinkin kawai tunda a kan tutar aka ɗora shi, ka ga shatin zagayen ya rage. Akwai irinsu a gidan tarihi na nan cikin gari. Taken masu zanga-zangar ma ya canza a daidai lokacin, da farko cewa suke mu ne jama'a, daga baya ya koma mu jama'a ɗaya ne

Maman Ilham:
A matsayina na tela wannan ya burge ni. Wato faci aka yi wa tutar, da aka ɓalle facin sai ga asalin yadin. Da jar tuta suka ɗinka tun farko da sai an sayi sabon yadi gaba ɗaya.

Malam Garba Tarihi:
Haka ne Hajiya. Kuma ba su suka fara ba, 'yan Hangari sun yi a tawayen 1956, 'yan Romaniya sun yi a Disamban 1989 da aka kifar da Ceausescu. A Jamus ta Gabas bayan zaɓen 18 ga Maris 1990 sabuwar majalisa ta yanke a ƙarshen watan Mayu cewa a cire tambarin daga gine-ginen gwamnati, aka sauke ƙaton da yake goshin ginin majalisar a Berlin, ginin ma daga baya aka rushe shi. Ranar 3 ga Oktoba 1990 ƙasar ta narke cikin ta Yamma.

Akwai abin da mutane suke mantawa. Ba duk 'yan adawar Gabas ne suke son haɗewar gaggawa ba, wasu so suke a gyara ƙasar ta ci gaba da zamanta. A daftarin tsarin mulkin da suka rubuta a 1990 sun ba da shawarar sabon tambari, hoton mutum yana dukan takobi yana mayar da shi garma. Alamar masu neman zaman lafiya ce na cikin coci-coci, matasa suna ɗinka ta a hannun riga a farkon shekarun 1980, hukuma tana tilasta musu cirewa, alhali hoton an ɗauko shi ne daga mutum-mutumin da Tarayyar Sobiyet da kanta ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kyauta a 1959. Daftarin bai kai ko'ina ba, jama'a kuɗin Yamma suke so da wuri.

Mahamat Injamena:
Ku tsaya, wannan yanke tambarin ai mu ya shafa. Tutarmu ta Cadi shuɗi ruwan ɗorawa ja ce a tsaye, tun 1959 muke da ita, lokacin ta Romaniya tana da tambarin gurguzu a tsakiya ba mai ruɗewa. Da suka yanke nasu a 1989 sai ta dawo tamu sak, sai dai ɗan bambancin duhun shuɗin. A 2004 an tada maganar, shugabansu Iliescu ya ce ba za su canza ba tunda sun riga mu da launukan. Har yau haka muke, a waya idan za ka sa 'yar tutar sai ka duba sau biyu

Sadik Ɗan Bal:
Hhhh wallahi na taɓa sa ta Romaniya ina taya wani ɗan Cadi murna

Alhaji Na Parakou:
Mu ma nan Benin an yi. Kerekou ya canza sunan ƙasa daga Dahomey a 1975, ya kawo koriyar tuta mai jan tauraro a kusurwa, tambari kuma da masara da haƙoran inji. Bayan babban taron ƙasa na 1990 aka dawo da tsohuwar mai kore da ruwan ɗorawa da ja, ranar 1 ga Agusta. Sai dai mu sunan Benin muka riƙe, Kerekou ɗin ma ya dawo ta akwatin zaɓe a 1996, tutar ce kawai ba ta dawo ba.

Abba Fagge:
Yaya Nura yanzu idan mutum ya ɗaga tsohuwar tutar a can kama shi za a yi?

Nura na Leipzig:
A'a, ba laifi ba ne a doka. Alamar Nazi ce idan ka nuna za ka kwana a hannu. Ta Gabas kuwa a Berlin wajen 'yan yawon buɗe ido ana sayar da ita, da riguna da kofuna da huluna masu tambarin, har ƙananan motocin Trabant na wasa. Amma fa ba kowa yake ɗaukar abin da wasa ba, wanda ya yi zaman kurkukun Stasi, hukumar tsaron asirin Gabas, ko aka harbe ɗan'uwansa a katanga, a Berlin kaɗai aƙalla mutum 140 suka mutu a wajen, idan ya ga saurayi da rigar ransa ɓaci yake, kuma akwai masu kiran a haramta. A ɗaya gefen akwai dattawan da bayan 1990 aka rufe masana'antar da suka yi rayuwarsu a ciki, aka kawo shugabanni daga Yamma, aka nuna musu duk abin da suka sani ba shi da amfani. Wani tsoho da muka yi aiki tare yana da ƙaramar tutar a ɗakin lambunsa, kuma ba ɗan jam'iyya ba ne ko kaɗan, zagin Honecker yake kamar me, ya ce min kawai a ƙarƙashinta ya yi aure ya haifi 'ya'yansa

Injiniya Bashir:
Wannan kewar ƙuruciya ce ba kewar gwamnati ba. A ba shi tikitin komawa 1985 mu gani, ya yi layin shekara goma yana jiran mota.

Ɗan Sawaba:
A ba shi aikinsa da aka ƙwace mu gani ko zai ƙi

Injiniya Bashir:
Ƙasashen da suka fi ɗanɗana ai sun haramta. Lituweniya ta hana alamun Sobiyet a 2008, Yukren a 2015, har a 2023 suka cire guduma da lauje daga garkuwar ƙaton mutum-mutumin nan na Kiev suka sa nasu tambarin.

Malam Garba Tarihi:
Belarus kuma ta yi akasin haka Injiniya, a 1995 Lukashenko ya yi ƙuri'ar raba gardama ya dawo da mai kama da ta zamanin Sobiyet, an dai cire guduma da lauje, 'yan adawa kuma suka riƙe mai fari ja fari. Mozambik har yau bindiga da fartanya da littafi ne a tutarta.

Maman Ilham:
Malam bindiga a tuta? Ta gaske?

Malam Garba Tarihi:
AK-47 Hajiya, har da wuƙa a bakinta. Nura idan ka samu sarari ka ɗauko mana hoton mai ramin nan a gidan tarihin ka turo, ina so na nuna wa ɗalibai.

Nura na Leipzig:
In sha Allah Malam, ran Asabar ba ni da aiki, in dai sun bari a ɗauki hoto a ciki